Yoyon Bayan Gyara: Wa Zai Biya Ɓarnar Ruwa?

Mai aikin famfo ya gama haɗa bututun sabon banɗaki a saman bene da la'asar, ya karɓi cikon kuɗinsa ya kama gabansa. Ba a gwada aikin ba, domin ranar tankin sama babu ko ɗigo, wuta kuma ba ta zo ba balle a tayar da injin rijiyar burtsatse. Cikin dare aka kawo wuta, maigadi ya kunna inji, tanki ya cika. Kafin kiran assalatu silin ɗin falon ƙasa ya sha ruwa ya rufto, ya haɗa da talabijin da kujeru da kafet na ɗan hayar da ke zaune a ƙasa, bawan Allahn da bai ma san an yi wani aiki a samansa ba.

Duk wanda ya zauna gidan haya mai hawa a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san irin wannan safiya, ko a kansa ko a kan maƙwabci. Mutum huɗu ne za su tsaya a tsakar gida suna nuna wa juna yatsa: wanda ya yi aikin, wanda ya kira shi, wanda ruwa ya yi wa ɓarna, da mai gidan da aka tashe shi a waya. A ce ladan aikin naira 20,000 ne, ɓarnar kuma ta tasam ma miliyan 2. Wannan tazarar ita ce asalin rigimar. Guntun mahaɗin bututu na 'yan ɗaruruwan naira, in ya saki yana zubar da lita ɗaya kacal a minti, kafin rana ta zagayo ya zubar da lita 1,440. Tankin lita 2,000 kuwa tan biyu ne na ruwa a saman kan mutane, kuma ba shi da wata hanya sai ƙasa.

Abin da mafi yawanmu kan fara yi shi ne kai mai aikin caji ofis. A doka wannan kuskure ne. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, da dokar 'yan sanda ta 2020, duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko wata rigimar da ba ta laifi ba. Aikin da bai yi kyau ba ba sata ba ne. Abin da kan fito daga irin wannan zuwa shi ne takardar da mai aikin zai sa wa hannu don a sake shi ya kwana a gida, ya ɗauki alkawarin kuɗin da shi da ɗan sandan da mai ƙarar duk sun san ba shi da su. Daga nan sai wayarsa ta daina shiga.

A kotunan da ke bin dokar da muka gada daga Ingila, maganar tana tsayawa a kan abu biyu: alkawari da sakaci. Ko ba a rubuta komai ba, da zarar ka kira mai sana'a kun yi ciniki, doka ta ɗauka ya yi maka alkawarin zai yi aikin da ƙwarewa da kulawar da ake tsammani daga ɗan sana'ar. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ƙara ƙarfafa wannan: wanda aka yi wa aiki yana da haƙƙin a yi masa shi da inganci, in ba haka ba a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Sai dai yoyo shi kaɗai ba hujja ba ne. Mai ƙara ne zai nuna cewa daga hannun mai aikin matsalar ta fito, kuma a nan ake yin ta.

Dalilan da ke sa sabon haɗi ya saki suna da yawa, kuma kowanne yana nuna mutum daban. In farin bututun roba ne da ake haɗawa da gam, wataƙila ba a goge bakin ba, ko an yi rowar gam, ko an saki ruwa tun bai kama ba. Wannan na mai aiki ne. In koren bututun nan ne da ake narka bakinsa da injin zafi, wutar da ba ta kai ba tana barin haɗi sako-sako, wadda ta yi yawa kuma tana toshe ciki. Shi ma nasa ne. Amma in bayan ya tafi mai tayil ya fasa bututun da ke cikin bango, ko kafinta ya huda shi garin kafa madubi, ko aka ƙara injin matsa ruwa a kan tsohon bututun ƙarfe da tsatsa ta riga ta cinye, to laifi ya tashi daga kansa. Akwai kuma wanda ba na kowa ba sai al'adarmu ta zama da ƙarancin ruwa: a buɗe famfo a ga babu ruwa, a tafi a bar shi a buɗe.

Tambayar da nake ganin ta fi kowace raba gardama ita ce: wa ya sayi kayan? Da yawa daga masu gida, don tsoron kada a ci da guminsu, su ke zuwa Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei da kansu su sayo kayan aiki, kuma idonsu yana kan mai sauƙi. In tiyon ƙarƙashin wurin wanke hannu da kai ka zaɓo ya fashe bayan sati uku, da wuya ka ɗora wa wanda ya ɗaura shi kawai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk da haka mai aikin bai fita tas ba idan ya ga kayan ba su da kyau ya yi shiru, domin wani ɓangare na abin da ake biyansa shi ne idonsa. In ya faɗa, mai gida ya ce a sa haka nan, ya sauke nauyi, matuƙar akwai wanda ya ji ko saƙon da ya rage a waya. In kuwa an ba shi kuɗin mai kyau ya sayo jabu ya soke canji, wannan ya wuce sakaci ya shiga cin amana, kuma a nan kam hukuma tana da ta cewa.

Abin sha'awa shi ne, malaman fiƙihun Malikiyya, wanda da shi alƙalan kotunan shari'a suke hukunci a Arewa, sun daɗe da tattauna wannan a babin lamunin masu sana'a. Asalin ƙa'ida ita ce ɗan ƙwadago amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ganganci ko sakaci. Sai Imamu Malik ya ware masu sana'ar da suka kafa kansu don jama'a, irin su tela da marini da maƙeri, ya ce su kam za su biya, don kare dukiyar mutane. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka ce masu sana'a suna lamunin abin da suka ɓoyu da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Kalmar da ya kamata a lura da ita ita ce ɓoyuwa. Tela ya tafi da shaddarka shagonsa, ba ka ganin abin da ya yi da ita, shi ya sa aka ɗora masa nauyin kawo hujja. Wanda ya yi aiki a gidan mai kaya ko a gabansa, malaman suka ce ya koma kan asali: ba ya biya sai an tabbatar ya ƙetare iyaka, ko ya yi sakaci, ko ya ruɗi mutane da cewa ya iya abin da bai iya ba.

To mai aikin famfo a ina ya faɗa? A gidanka yake aiki, don haka a zahiri yana cikin kashi na biyu. Amma ni a nawa ganin akwai wurin tsayawa a yi tunani. Haɗin da aka tura cikin bango aka shafe da siminti aka lulluɓe da tayil ya fi rigar da ke shagon tela ɓoyuwa, ko da mai gida yana zaune a falo lokacin da ake yi. Wannan fahimtata ce, hukunci na alƙali ne. Abin da babu ja a kansa shi ne batun ruɗi. Ogan da ya karɓi aiki da sunansa, ya turo yaron da bai fi wata shida da fara koyo ba, shi kuma ya wuce wani aikin a wata unguwa, a shari'ar Musulunci da dokar boko duka shi ne zai amsa. Kuma kowa ya san yadda wannan ya zama ruwan dare.

Sai mutumin ƙasa, wanda ya fi kowa ban tausayi. Babu ciniki tsakaninsa da mai aikin, bai san ko sunansa ba. Tun shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda ta taso daga dodon-koɗin da wata mata ta ce ta gani a kwalbar lemo a Sukotland, doka ta tabbatar cewa mutum yana da nauyin kula da duk wanda aikinsa zai iya cutarwa, ko da babu yarjejeniya a tsakaninsu. Saboda haka yana iya ƙarar mai aikin kai tsaye. Shi kuwa ba wannan yake so ba. Maƙwabcinsa na sama yake so ya riƙe, domin shi yake gani kullum kuma shi ne mai abin hannu. A nan doka ba ta ba shi yadda yake zato ba. Ƙa'idar gama-gari ita ce ba a kama mutum da sakacin ɗan kwangila mai zaman kansa da ya ɗauka, saɓanin yaronsa da ke ƙarƙashin umarninsa.

Lauyoyi kan jawo tsohuwar shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868, inda ruwan wata madatsa ya ɓalle ya cika ramin haƙar kwal na maƙwabci, aka ce wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa zai biya in ya kuɓuce ko da bai yi sakaci ba. Kotunan Najeriya sun yi aiki da ita, musamman a rigingimun malalar mai a Neja Delta. Amma tun 1913, a shari'ar Rickards da Lothian da ta taso daga Melbourne ta Ostireliya, inda wani ya toshe magudanar wurin wanke hannu a saman bene ya bar famfo a buɗe ruwa ya lalata hajar ɗan kasuwar da ke ƙarƙashin wurin, aka yanke cewa jawo ruwan amfanin gida abu ne na yau da kullum, ba ya shiga wannan ƙa'ida mai tsauri. Ke nan dole na ƙasa ya nuna laifin na sama shi kansa: ya ɗauko wanda kowa ya san bai iya ba, ko ya saki ruwa ba tare da gwaji ba, ko an gaya masa bango yana danshi ya yi biris. Wannan na ƙarshen shi ne mafi yawa, kuma shi ya fi sauƙin tabbatarwa. A cikin birni, inda gidajen ƙasa suke jingine da juna, bututun da ke tsiyaya a gindin katanga wata da watanni yana iya kayar da ɗakin maƙwabci da damina ta farko, kuma a can ba sai an je Ingila neman hujja ba: hadisin da ya hana cuta da cutarwa ya ishi alƙali ko mai unguwa.

Tsakanin mai gida da ɗan haya, takardar haya ce ke magana in akwai ta. Galibi tana hana taɓa gini ba da izinin mai gida ba, don haka ɗan hayar da ya fasa bango ya ƙara banɗaki da ra'ayin kansa ya sa wuyansa a igiya. In mai gida ne ya kawo mai aikin, nauyin gyaran gini nasa ne. Malikiyya suna da wani hukunci da kan ba mutane mamaki: ba a tilasta wa mai gida gyara, amma in abin yana cutarwa, kamar zubar ruwa daga rufi, ɗan haya yana da zaɓin ya warware hayar ya tashi. In ya zaɓi zama, zai ci gaba da biyan haya.

A ce duk an bi wannan an gano mai laifi, kuma mai aikin ne. Sai me? Mutumin da jarinsa jakar kayan aiki da babur ba zai haifo miliyan 2 ba don alƙali ya rubuta a takarda. Wannan gibin inshora aka ƙirƙira ta cike, kuma a ƙasashen da ta kafu, rigimar yoyo takan ƙare ne tsakanin kamfanoni biyu ba tare da maƙwabta sun ɓata ba. A Najeriya kuwa abin da ake tarawa na inshora bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa ba, mafi yawan mutane iyakar saninsu da ita takardar mota ce da ake nuna wa jami'an hanya.

Amma ko wanda ya yi inshorar gida kada ya saki jiki sai ya karanta takardarsa. Inshorar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ruwa. Sai an ƙara mata sashen sauran haɗurra, wanda a cikinsa ake ambaton fashewa ko tumbatsar tanki da bututu, ko kuma a sayi inshorar gida mai haɗe da komai. Ko a nan ma abin da ake nufi shi ne ɓarnar da ta auku farat ɗaya. Silin da ya rufto cikin dare yana ciki. Tsiyayar da ta yi wata huɗu tana cin bango har fenti ya kumbura, fumfuna ta fito, ƙofar katako ta daina rufuwa, yawancin takardu sun cire ta da sunan lalacewar sannu a hankali. Abin takaicin shi ne, tunda yanzu kowa binne bututu yake yi a bango don ado, mafi yawan yoyon bayan gyara irin wannan ne. Haka kuma kamfani yana iya biyan silin da kafet amma ya ƙi biyan gyaran haɗin da aka yi ba daidai ba, da kuɗin fasa tayil don nemo shi, wanda wani lokaci ya fi komai tsada. Inshorar mai gida ta gini ce. Kayan ɗan haya sai in shi ya yi tasa. Ɓarnar da ta tsallaka wurin maƙwabci kuwa sai in takardar tana da sashen biyan haƙƙin wasu.

Akwai wasu tarkuna da ke kama mutane. Wanda bai biya kuɗin shekara ba ba shi da kariya. Dokar inshora ta 2003 ta tanadi wannan, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, kuma ta tsananta aiki da shi daga farkon 2013. Gidan da aka rufe aka yi doguwar tafiya, takardu da yawa suna janye kariyar ruwa bayan wasu kwanaki da suka ƙayyade. Babban aiki irin na ƙara banɗaki ya kamata a sanar da kamfani kafin a fara. Sai batun ƙima, wanda tsadar kaya ta mayar da shi babban rami. A ce ka yi wa gidanka inshorar miliyan 20 a shekarun baya, yau kuma sake gina shi zai ci miliyan 40, abin da ba mamaki ba ne tunda buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. In ruwa ya yi ɓarnar miliyan 3, kamfani zai ce rabin gidan ka yi wa inshora, ya ba ka miliyan 1.5, sannan ya cire kason farko da takarda ta ce kai ne za ka ɗauka.

Tarkon da ya fi shafar halinmu shi ne wannan. Kamfanin da ya biya ka yana gadar haƙƙinka na bin wanda ya jawo ɓarnar. Mu kuwa da an taru a zaure, dattawa sun sa baki, mai aikin ya durƙusa ya ce “Alhaji a yi haƙuri, tsautsayi ne,” sai mai gida ya ce ya yafe duniya da lahira. Yafiya alheri ce, amma wanda ya yafe kafin ya sanar da kamfani ya kyautar da abin da ba nasa shi kaɗai ba, kuma kamfani yana iya fakewa da haka ya rage biya ko ya ƙi. Wanda ya yi inshora ya fara kiran kamfani, ya bari mai tantance ɓarna ya zo ya gani, sannan a zauna sulhu.

Masu ƙyamar inshora saboda riba da rashin tabbas a cinikin suna da mafita tun da NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka kuma ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016. A tsarin, mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda masifa ta samu, in an samu rara a raba. Sai dai sharuɗɗan biya kusan ɗaya ne da na sauran. Takaful ma tana bambanta fashewa da tsiyaya. Masu gidajen haya kuma su sani dokar 2003 ta sa ginin da ɗan haya ke ciki a jerin gine-ginen da inshorarsu wajibi ce, sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2025 ba ta sauke wajibcin ba. Amma haɗurran da tsohuwar dokar ta lissafa su ne rushewa da gobara da girgizar ƙasa da guguwa da ambaliya, kuma ambaliya a bakin 'yan inshora ruwan da ya shigo daga waje ne, ba wanda ya fito daga banɗakin sama ba. Shi kansa mai aikin yana iya yin inshorar biyan ɓarnar da aikinsa ya jawo wa wasu. Manyan kamfanonin gini suna yi, domin masu ba su kwangila suna tambaya. Ko a wurinsu ya kamata a duba ko kariyar ta tsaya ne a lokacin da ake aiki, ko ta haɗa da abin da ya ɓulla bayan an miƙa makulli.

Ga wanda ba shi da inshora, wato kusan kowa, abin da ya rage shi ne shaida da sulhu. In an zauna gaban mai unguwa ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar an amince da wani adadi, a rubuta shi da ranakun biya da shaidu. Amfanin haka shi ne rigimar ta tashi daga “wa ya yi laifi” ta koma bashi sananne, irin wanda kotunan ƙananan ƙararraki, da aka fara a Legas a 2018 Kano ta biyo baya a 2019, aka kafa su don karɓowa cikin sauri ba sai da lauya ba. Adadin da mai aiki zai iya biya wata-wata ya fi miliyoyin da ba za a taɓa gani ba.

Shaida kuwa tun ranar aiki ake tara ta. Hoton bututu a waya kafin a rufe bango, rasit ɗin kaya, da riƙe wani ɓangare na ladan aiki har sai an cika tanki an rufe dukkan famfuna an kwana an duba. In babu wuta a nemo janareta, in babu ruwa a kira 'yan garuwa. Kuɗin bai kai na tayil ɗin da za a fasa daga baya ba. Masu aikin ƙwarai suna da ɗan famfon hannu mai agogo da suke matsa ruwa cikin bututu su ga ko allurar za ta sauka, kuma ba sa jin haushi in an nemi su yi. In kuwa abin ya riga ya faru, bayan an rufe ruwa an kashe wutar ɗakin, a ɗauki hoton komai kafin a share. Mutane kan yi gaggawar kiran wanda ya yi aikin ya zo ya gyara, shi kuma abu na farko da zai yi shi ne ya yanke haɗin da ya saki ya jefa a jakarsa ko a bola. Wannan guntun robar shi ne kaɗai zai nuna ko gam ne bai isa ba, ko kayan ne jabu, ko ƙusar kafinta ce ta huda shi. A karɓe shi a gaban mutane, a ajiye.